Shirya Ɗalibai Domin Horon Aiki a Ƙasashen Waje

Horon aiki a ƙasashen waje tsari ne da ke bai wa ɗalibin jami'a damar shafe makonni ko watanni yana koyon aiki a wani kamfani ko ɗakin bincike na wata ƙasa, kafin ya dawo ya ƙarasa karatunsa. Daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin da ke gudanar da shi akwai IAESTE, wadda aka kafa a kwalejin Imperial da ke Landan a shekarar 1948 domin ɗaliban kimiyya da injiniyanci. Tsarinta na ba-ni-in-ba-ka ne: kowace ƙasa tana tattara gurabe daga kamfanoninta, sannan a yi musayarsu a babban taron shekara da ake yi a watan Janairu. Kamfani ne ke biyan ɗalibi abin da zai ci ya kuma biya kuɗin haya, shi kuwa ya ɗauki nauyin tikitin jirgi da inshora.

Takardu su ne suka fi cin lokaci a cikin shirin. Mai neman bizar gajeren zama ta yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, sai ya nuna inshorar lafiya ta akalla Yuro 30,000, yayin da mai zuwa Amurka ke buƙatar bizar J-1 tare da takardar DS-7002, wadda ke fayyace horon da za a ba shi.

Abin da ya fi waɗannan muhimmanci, ko da yake ɗalibai kan yi masa riƙon sakainar kashi, shi ne yarjejeniyar koyo. A shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, wanda ya fara a 2014, horon yakan ɗauki wata 2 zuwa 12, kuma kafin tafiya ɗalibi da jami'arsa da kamfanin da zai karɓe shi duk sai sun sa hannu a takarda ɗaya mai bayyana aikin da zai yi, wanda zai kula da shi, da yadda za a lissafa horon a sakamakonsa. Idan babu ita, ɗalibi na iya ƙarewa a matsayin ɗan aike a ofis, ya dawo jami'arsa ta ƙi amincewa da watannin da ya yi.

Sai kuma harshe da al'adar wurin aiki. Erasmus+ tana ba da darussan harshe ta intanet kafin tafiya, domin Turanci na iya isar ɗalibi a ɗakin bincike a Jamus, amma ba lallai ya ishe shi ba a cikin masana'anta, inda akasari da Jamusanci ake rubuta gargaɗin haɗari a jikin injuna.