Horon doki ba da bulala ba: tambayoyi da amsoshi

Me ake nufi da horon doki cikin lalama?

Hanya ce ta koyar da doki bisa la'akari da halittarsa. A daji farautarsa ake yi, shi ya sa da ya firgita gudu ne ke fara zo masa. Idanunsa a gefen kai suke, yana hango kusan duk abin da ke kewaye da shi, ban da dab da hancinsa da daidai bayan wutsiyarsa. Wanda ya ɓullo masa ta baya shiru ya sha harbi, kada ya ce dokin mugu ne, tsorata shi ya yi.

Tun kusan shekara 2,400 da suka wuce wani sojan Girka, Zenofon, ya rubuta cewa kada mutum ya kusanci doki yana cikin fushi. A Amurka, masu horon doki Tom da Bill Dorrance da Ray Hunt ne suka farfaɗo da wannan tunani, sannan ya ƙara bazuwa bayan Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta gayyaci wani mai horon doki ɗan Amurka, Monty Roberts, ya nuna salonsa a Ingila a 1989.

In ba duka, ta yaya zai gane abin da ake so?

Da matsi da sassauci. A ce kana so ya ja da baya. Ka riƙe ragama, ka ɗan matsa ta wajen ƙirjinsa, ka tsaya haka, kada ka fizga. Zai ɗaga kai, wataƙila ya karkata gefe, yana laluben mafita. Da zarar ya ɗaga ƙafa ɗaya ya mayar baya, ko da taku guda ne, sai ka saki nan take. Wannan sakin shi ne darasin. Idan ka makara da daƙiƙa uku, ya riga ya yi wani motsi, kuma wancan motsin zai ɗauka kake so. Galibin dawakan da ake kira masu taurin kai, hannun da ya hore su ne bai san lokacin saki ba.

Ka riƙa duban jikinsa. Ya sunkuyar da kai, ya yi ajiyar zuciya, kunne ɗaya na bin motsinka: ya natsu. Ya kwantar da kunnuwa baya, yana kaɗa wutsiya da ƙarfi: ka dakata.

Wannan ba shagwaɓa doki ba ne?

A'a. Dabbar da ta kai kilo 500 dole ta san iyakarta, kada ta tura mutum ko ta take shi. Kuma matsi matsi ne, in ya yi yawa cutarwa ce, komai daɗin sunan da aka laƙaba masa. Na fi yarda da mai horon da dokinsa ke tahowa wurinsa da kansa, a kan mai tallar igiya ta musamman.

An ceto doki ya rame, haƙarƙari a waje. Sai a cika masa ciki?

Nan tausayi ke kashe doki. Jikin da ya daɗe da yunwa, in aka antaya masa hatsi, sinadaran jininsa irin su fosforas da fotasiyam sukan faɗi warwas, zuciya ko numfashi su tsaya cikin 'yan kwanaki. A fara da kiran likitan dabbobi. A ba shi ruwa mai tsabta da busasshiyar ciyawa mai kyau kaɗan-kaɗan, duk bayan 'yan sa'o'i, a jinkirta hatsi. Daga baya a duba haƙora da kofato da tsutsar ciki. Masu ceto na auna rama da ma'aunin Henneke, daga 1 zuwa 9, inda 1 ke nufin fata da ƙashi, 5 kuwa matsakaici. Murmurewa takan ɗauki watanni.

Aikin ceton ya daɗe. A 1934 Dorothy Brooke ta buɗe asibiti a Alƙahira domin tsofaffin dawakan yaƙin duniya na ɗaya da aka sayar aka bari cikin wahala, ƙungiyar Brooke kuma tana nan har yau.

Da gaske ana jinyar mutane da doki?

Ana yi. Lis Hartel, 'yar ƙasar Denmak, shan inna ya shanye mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, sai an ɗora ta a kan sirdi an sauke ta, amma ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki. Nasararta ta ƙarfafa masu wannan aiki, a 1969 aka kafa manyan ƙungiyoyin hawan masu naƙasa a Birtaniya da Amurka.

Tafiyar doki tana jujjuya ƙugun mahayi kusan yadda tafiyar ƙafa ke yi. Yaron da lalurar ƙwaƙwalwa ta sandarar wa gaɓoɓi, in aka ɗora shi, mutum ɗaya na jan doki, biyu na tafe a gefensa, tsokar bayansa da ta cikinsa na aiki a kowane taku. Masu damuwa da tsofaffin sojoji kuwa, sau da yawa ba sa ma hawa, sharce doki suke yi da jan sa. A ɓangaren jiki an fi samun hujjar bincike. A ɓangaren tunani, ƙari ne a kan magani da ganin likita, kada wani ya ajiye maganinsa saboda shi.

Kowane dokin da aka ceto zai iya wannan aiki?

Ba kowane ba. Ana neman mai sanyin hali da daidaitaccen taku, wanda ihun yaro ko keken guragu ba sa sa shi zabura. Wanda aka azabtar har yana rawar jiki in an ɗaga hannu, a bar shi ya yi kiwo cikin 'yan'uwansa. Wanda ya dace ma a taƙaita masa sa'o'in aiki, domin ɗaukar mahayin da ba ya iya daidaita zama yana gajiyar da bayansa.