'Yan Sanda da Kafafen Sada Zumunta

Rundunonin 'yan sanda a ƙasashe da dama suna amfani da kafafen sada zumunta irin su Facebook, Instagram, YouTube da X, wanda har zuwa 2023 ake kira Twitter. Aikin ya kasu gida biyu: yin magana da jama'a, da bibiyar abin da jama'a ke wallafawa. Kafin zuwan waɗannan kafafe, sanarwar 'yan sanda sai ta bi ta hannun ɗan jarida, ya tace ta, ya yi tambaya a kanta. Yanzu kowace runduna ta zama gidan jaridar kanta, kuma daga nan ne amfanin abin da matsalarsa suka samo asali.

Sanarwa da ƙaryata ji-ta-ji-ta

Mafi yawan abin da ake gani a shafukan 'yan sanda na yau da kullum ne: cigiyar wanda ya ɓata, hanyar da aka rufe, gargaɗi kan 'yan damfara, hoton wanda ake nema ruwa a jallo. A watan Oktoban 2010 rundunar Greater Manchester a Ingila ta kwashe awa 24 tana wallafa duk kiran da ya shigo mata a Twitter, sama da 3,000, don mutane su ga cewa yawancin aikinta ba farautar manyan masu laifi ba ne.

Ranar tashin hankali ake sanin darajar shafin. Bayan fashewar bama-bamai a wurin gudun famfalaki na birnin Boston a Amurka ranar 15 ga Afrilun 2013, wasu manyan kafafen labarai sun ce an kama wanda ake zargi alhali ba a kama kowa ba. Shafin 'yan sandan birnin ne ya fito ya ƙaryata. A cikin makon harin kuma masu binciken sa-kai a dandalin Reddit suka laƙaba wa wani ɗalibi da ya ɓata laifin da bai ji ba bai gani ba, har sai da kamfanin ya nemi gafara.

Shiru ma yana da tsada. A Yulin 2024, bayan kisan wasu yara mata uku a garin Southport na Ingila, an baza ƙaryar cewa maharin ɗan gudun hijira ne Musulmi, kuma tarzoma ta ɓarke a garuruwa da yawa. A Mayun 2025, da wata mota ta kutsa cikin taron magoya bayan ƙungiyar ƙwallon Liverpool, rundunar yankin, wato Merseyside, ba ta ɓata lokaci ba ta sanar cewa wanda ta kama farar fata ne ɗan Birtaniya mai shekara 53.

Bincike da sa ido

Masu laifi kan tona asirin kansu da hannunsu: hoto da makami, bidiyon alfahari da kayan sata. Abin da mutum ya wallafa a fili, mai bincike na iya gani kamar kowa. Saƙonnin sirri da bayanan mai shafi kuwa, a ƙasashe da yawa sai an je wa kamfanin da umarnin kotu. A tarzomar Ingila ta Agustan 2011, 'yan sandan Landan sun ɗora hotunan kyamarorin tsaro a shafin hotuna na Flickr suna neman a faɗa musu sunayen mutanen, kuma an ɗaure wasu samari biyu shekara huɗu-huɗu saboda kiran tarzoma a Facebook, duk da tarzomar da suka kira ba ta auku ba.

Inda ake taƙaddama shi ne sa ido kan wanda ba a zarginsa da komai. A 2016 ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU ta bankaɗo cewa 'yan sanda a Amurka na amfani da manhajar kamfanin Geofeedia wajen bibiyar masu zanga-zanga, har da na garuruwan Ferguson da Baltimore. Facebook, Instagram da Twitter suka toshe wa kamfanin hanyar samun bayanansu. Akwai kuma shafukan bogi da jami'ai ke buɗewa su nemi abota da wanda suke bibiya, abin da ƙa'idar Facebook ta hana, da kamfanin Clearview AI, wanda ya kwashi biliyoyin hotuna daga intanet ya gina manhajar gane fuska yana sayar wa hukumomin tsaro.

Hoton wanda aka kama shi ma abin dubawa ne. Kamu ba hukunci ba ne, amma ko kotu ta wanke mutum, hotonsa na nan yana yawo. Saboda haka jihar Kaliforniya ta yi doka a 2021 da ta taƙaita wallafa hotunan waɗanda aka kama kan laifin da babu tashin hankali a cikinsa.

Idan jama'a suka mayar da martani

Wasu rundunoni, kamar ta Mumbai a Indiya, sun yi suna da barkwanci, kuma hakan na jawo mabiya. Sai dai mabiya ba amana ba ce. A Afrilun 2014 rundunar New York ta nemi mutane su turo hotunan da suka ɗauka tare da jami'anta a ƙarƙashin maudu'in #myNYPD. Reshe ya juye da mujiya: aka cika maudu'in da hotunan 'yan sanda suna dukan mutane.

Jami'an ma suna da nasu shafukan. A 2019 wani bincike mai suna Plain View Project ya tattara kalaman wariyar launin fata da na yabon cin zali da jami'ai suka rubuta a Facebook, kuma birnin Philadelphia ya janye jami'ai 72 daga aikin sintiri.

Bayan mutuwar George Floyd, wani baƙar fata ɗan Amurka, ranar 25 ga Mayun 2020, sanarwar farko ta 'yan sandan Minneapolis ta danganta lamarin da matsalar rashin lafiya, ba ta ambaci gwiwar da wani jami'in 'yan sanda ya danne masa wuya da ita ba. Bidiyon da wata matashiya ta ɗauka ta ɗora a Facebook ne ya nuna abin da ya faru, kuma an gabatar da shi a shari'ar da aka samu jami'in, Derek Chauvin, da laifin kisa a Afrilun 2021.