Gidajen abincin Indiya da ba a dafa nama: me ake ci, kuma yaya ake yi?

Wanda ya je Chennai ko Delhi ko Hyderabad jinya ko karatu zai yi ta cin karo da allo a ƙofar gidajen abinci da aka rubuta "Pure Veg". Mutanenmu da yawa da sun gani sai su wuce, a ganinsu abincin da babu ko tsoka ɗaya ba abinci ba ne. Ni kuwa a ganina nan ne baƙo Musulmi ya fi samun sauƙi.

Wai da gaske ko ƙwai ba sa sayarwa?

Da gaske ne. Babu nama, babu kifi, babu ƙwai, domin a lissafinsu ƙwai yana ɓangaren nama. Amma madara da nono da man shanu da cuku duk ana ci, har ma su ne ginshiƙin girkin. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto a 2021 wanda ya nuna kashi 39 cikin 100 na manyan Indiyawa sun ce ba sa cin nama. A cikin mabiya Hindu kashi 44 ne, mabiya addinin Jain kashi 92, Musulmi kuwa kashi 8 kacal. Ke nan mafi yawan 'yan ƙasar suna cin nama, sai dai waɗanda ba sa ci sun kai ɗaruruwan miliyoyi, kuma da yawansu ba za su yarda su ci abin da aka dafa a tukunyar da nama ya taɓa shiga ba. Don su aka buɗe waɗannan gidaje. Asalin abin shi ne aƙidar ƙin cutar da duk mai rai, haɗe da al'adar gidan da mutum ya fito.

Akwai alamar da ya kamata ka haddace: ɗigo kore a cikin murabba'i kore. Doka ta wajabta buga ta a kan abincin leda da na kwali da babu nama a ciki, gidajen abinci ma suna sa ta a takardar jerin abinci. In ka ga alamar mai ruwan ƙasa ko ja, akwai nama ko ƙwai.

To me mutum zai ci har ya ƙoshi?

Ya danganta da girkin kudu ne ko na arewa, domin sun yi nisa da juna ƙwarai.

A kudu shinkafa ce sarauniya. Ana jiƙa ta tare da wani ɗan wake mai baƙin ɓawo da suke kira urad, a niƙa, a bar ƙullin ya kwana ya tashi. In aka turara shi ya zama idli, fari fat mai laushi, babu mai ko kaɗan. In aka shimfiɗa shi siriri a kan faffaɗan kasko ya zama dosa, wanda aka naɗe dankalin turawa a cikinsa kuma shi ne masala dosa. Duk wanda ya tashi da masa da sinasir ba zai ji baƙunta ba, har ma akwai wani nau'i, paniyaram, da ake soyawa a tanda mai ramuka irin tamu. Abin haɗawa shi ne sambar, miyar wake mai ruwa-ruwa da tsamiya, a ciki za ka tsinci kuɓewa ko yalo ko dogayen 'ya'yan zogale. Mu ganyen muka fi ci, su kuwa sandar 'ya'yan suke yankawa gunduwa-gunduwa, a tsotse cikin a ajiye ɓawon a gefe. Sai markaɗaɗɗiyar kwakwa da ake dangwalawa.

Da yawa daga gidajen girkin kudu ana danganta su da Udupi, wani gari a jihar Karnataka mai tsohon wurin bauta, inda masu girkinsa suka bazu cikin birane suna buɗe shaguna. A Bangalore akwai gidan abincin MTR, wanda ke aiki tun 1924. A lokacin yaƙin duniya na biyu shinkafa ta yi wuya, sai suka gwada yin idli da tsakin alkama, ga shi har yau ana sayar da shi da sunan rava idli. Saravana Bhavan kuma a Chennai ya fara a 1981, yanzu yana da rassa har Dubai da Landan, saboda haka ɗan kasuwar da iyakarsa Dubai ma zai iya gwadawa.

A arewa alkama ce gaba. Gurasa iri-iri, wata a kasko wata a tanderu, da miya mai kauri: dal makhani na wake da man shanu, ko palak paneer, wato alayyafo da farin cuku mai laushi. Abinci ne mai nauyi, in ka ci da rana sai barci. A Rajasthan da Gujarat kuma har da gurasar gero, a Maharashtra ta dawa.

Sunayen sun yi yawa. Ba wani abu guda da zan nema in huta?

Ka ce thali. Babban faranti ne zagayayye da ƙananan kwanoni jere a bakinsa, kowanne da kalar miyarsa, ga shinkafa, ga gurasa, ga nono, ga ɗan abin zaƙi. A kudu sau da yawa a kan ganyen ayaba ake zubawa, kuma tsakanin sha biyu zuwa uku na rana aka fi samu. A wurare da dama kuɗi ɗaya za ka biya, masu hidima su yi ta zagayawa da bokitan ƙarfe suna ƙara maka har sai ka kare farantin da hannu. Na Gujarat dai ka shirya, suna sa mazarƙwaila a miyar wake, ba kowane harshe ke karɓa ba.

Babbar tambaya: ya halatta Musulmi ya ci?

Damuwar da ta fi yawa a tafiya ita ce wa ya yanka, kuma me aka yanka. A nan babu ita, tunda babu yanka, babu kitsen dabba, babu romon ƙashi. Giya ma yawancin waɗannan gidaje ba sa ajiyewa, a jihar Gujarat kuwa doka ce ta hana ta tun 1960.

Abu guda ya rage. A gidajen da ke cikin harabar wuraren bauta, ko waɗanda ƙungiyar Hare Krishna ke gudanarwa da sunan Govinda's, ana fara miƙa abincin ga abin bautarsu kafin a kawo wa jama'a, suna kiransa prasad. Wannan daban yake da gidan abinci na kasuwa, ko da ka ga hoton gunki da furanni a bayan mai karɓar kuɗi. Wanda ke son kauce wa shubuha sai ya bar na farkon, hukuncin kuma na malamai ne.

Na ga an ware wani abinci an rubuta "Jain". Mene ne bambancin?

Mabiya Jain sun fi kowa tsanani. Ban da nama, da yawansu ba sa cin abin da ake tonowa daga ƙasa, kamar albasa da tafarnuwa da dankali, don tonon yana kashe shukar da ƙananan halittun da ke jikinta. Wanda albasa ke tayar wa ciki zai iya cin moriyar wannan.

Yajin fa? Ga shi mun zo da mara lafiya.

Wanda ya saba da attaruhu ba barkonon ne zai dame shi ba, sai dai girkin Andhra da ba ya wasa. Abin da ya fi rikita baƙo shi ne yawan kayan ƙamshi a cokali guda. A arewa ka ce "kam mirchi" a rage barkono. A Chennai kuwa 'yar Indiyancin da aka tsinta a fina-finai ba za ta yi aiki sosai ba, Tamil suke yi, gara ka lallaɓa da Turanci.

Kada rashin nama ya ruɗe ka ka ɗauka abincin marasa lafiya ne. Man shanu da sukari da soye-soye sun yi yawa a ciki, mai ciwon suga ko na zuciya ya bi abin da likitansa ya tsara. Idli da khichdi, wato shinkafa da wake da aka dafa suka yi luguf, su ne masu sauƙi a ciki. Miyar arewa mai kauri sau da yawa da niƙaƙƙen kashu ake ɗaure ta, wanda jikinsa ba ya so ya tambaya. Ruwa kuma na gora, wanda kai ka ɓalle murfinsa.

Akwai ladabin da za a kiyaye?

Da hannun dama ake ci, akwai wurin wanke hannu a gefe. Inda muka bambanta shi ne cin kwano ɗaya. A wurinmu zumunci ne, amma Indiyawa da yawa ba sa taɓa abin da hannu ko bakin wani ya taɓa. Kada ka kai hannu farantin abokin zamanka, kada ka sa cokalin da ka ci da shi a kwanon da ake ɗiba. Haka kuma kada ka shigo da kilishin guzuri ka buɗe a teburinsu, wannan babban cin fuska ne. In an kawo ɗan kwano da ruwan ɗumi da yankan lemun tsami a ƙarshe, na wanke yatsu ne.

Biya fa?

Yawancin 'yan ƙasar da waya suke biya ta tsarin UPI, wanda baƙo ba ya samun shiga cikin sauƙi, don haka ka riƙe rupi a aljihu, musamman ƙananan takardu. A wasu ƙananan shaguna sai ka fara biya an ba ka 'yar takarda kafin ka karɓi abinci a kanta. Za ka ga harajin GST a rasit, wannan dole ne. Kuɗin hidima da wasu ke ƙarawa kuwa, tun Yulin 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasar ta ce ba a tilasta wa kowa, kana iya cewa a cire, ka ba mai hidimar abin da ka ga dama da hannunka.