Canjin Entalpi: Lissafi Daga Murhun Mai Shayi

Ɗan aji biyu na babbar sakandare da ya fara cin karo da alamar ΔH a allo yakan tsorata. Abin bai kai nan ba. Canjin entalpi, wanda ake rubutawa da ΔH, shi ne yawan zafin da ya fita, ko ya shiga, lokacin da sinadarai suka rikiɗe zuwa wasu, matuƙar matsin iska bai sauya ba. Ana auna shi da kilojul (jul 1000, jul kuwa ma'aunin makamashi ne) a kan kowane mol, wato ma'aunin yawan sinadari.

Mu leƙa teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura. Ya ɗora ruwa lita ɗaya, giram 1000 ke nan, zafinsa digiri 25, yana so ya kai 100. Kowane giram na ruwa sai ya sha jul 4.18 kafin zafinsa ya hau digiri ɗaya. To, 1000 sau 4.18 sau 75, an sami kilojul 313.5. Daga gawayi zafin nan ya fito. Mol ɗaya na kabon, sinadarin da ya fi yawa a gawayi, giram 12 kacal, in ya ƙone ƙurmus yana sakin kilojul 393.5. A takarda, ɗan gutsuren gawayi ya isa ya tafasa ruwan. Faɗa wa mai shayi haka ka sha dariya, don iskar hunturu ta kwashi rabonta, tukunya ta sha nata, gawayin kuma ba kabon ne zalla ba.

Inda ɗalibai ke zubar da maki a WAEC shi ne alamar ɗebewa ko tarawa. Ana rubuta −393.5, sai yaro ya ce: "Malam, ruwa ya ƙara zafi, me ya kawo ɗebewa?" Ai lissafin aljihun gawayi ake yi, ba na ruwa ba, kuma gawayi asara ya yi. Dutsen da ake gasawa a kamfanin siminti kuwa shan zafi yake yi, shi ya sa nasa +178.

Akwai canjin da ba ya aunuwa kai tsaye. A 1840 Germain Hess, a Rasha, ya nuna cewa ko ta wace hanya aka bi, jimillar zafin ɗaya ce. Gawayin da bai sami isasshiyar iska ba yana tsayawa a kabon monoksaid, iskar nan mai kisa a ɗakin da aka rufe da garwashi. Ƙona ta zuwa ƙarshe yana ba da −283. Cire wannan daga −393.5, saura −110.5, zafin rabin hanyar ke nan.