Waiwaye: Yadda Zambo Ya Samu Lamba a Kundin Doka

Duk lokacin da aka gurfanar da mawaƙi ko ɗan TikTok kan ya taɓa wani babba, sai musu ya ɓarke a majalisun Sakkwato, daga teburin mai shayi har harabar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wasu su ce rashin kunya ce ta zamani, wasu su ce danne baki ne. Kusan kowa wayar hannu yake ɗora wa laifin, alhali maganar ta girmi intanet nesa ba kusa ba.

Farkonta sananne ne. Masu jihadin 1804 da waƙa suka isar da hukunci ga wanda bai iya Larabci ba, Nana Asma'u da 'yan taru, wato ƙungiyar mata masu koyarwa da ta kafa, suka shigar da shi cikin gidaje. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suka bar alƙalai a kan shimfiɗunsu, amma ƙarƙashin idon Razdan.

Inda ake tsallakewa shi ne 1958 zuwa 1960. Siyasar jam'iyyu ta yi zafi, kowane ɓangare da mawaƙansa, zambo da habaici sun baro ƙofar fada sun hau dandalin lacca. Ƙananan ƙabilu kuma na nuna fargaba kan kotunan Arewa gabanin 'yancin kai. Sai aka gayyato kwamitin masana shari'a a 1958, Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, yana shugabanta. Daga shawararsu aka samu kundin Final Kot, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, wanda ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin 'yancin kai. Samfurinsa na Sudan ne, na Sudan kuwa daga na Indiya na 1860 ya tsiro.

A da, in an kai ƙarar zagi, alƙali zai dubi wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da wurin, ya yi ta'aziri ko ya sasanta. Ba a ce babu son rai a ciki ba, akwai. Amma ya san bambancin ba'ar taubasai da cin mutunci, don a cikinsu ya tashi. Sabon kundin ya mai da abin lambobi: sashe na 114 tunzura jama'a, na 392 ɓata suna, na 399 zagi da gangan. Aka kwashi alƙalai zuwa makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya don koyon sassan. Dokar laifukan intanet ta 2015, da sashenta na 24 da aka yi wa gyara a 2024, a kan wannan turba ta hau.

A ganina illar da ta fi daɗewa a aji take. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975 ta gaji wannan rabo. Ɗalibin lauya na haddace sashe daga kwafin da ya sha hannu har gefensa ya yi baƙi, ɗalibin Hausa kuma na can yana feɗe zambo, yana bayanin yadda mawaƙi ke siffanta mutum har kowa ya gane shi ba tare da an kama suna ba. Mota ɗaya suke shiga daga cikin gari zuwa mazaunin dindindin, su sauka kowa ya nufi tsangayarsa. Ranar da aka kunna waƙar a gaban alƙali kuwa, tambayar farko ita ce da wa ake, kuma amsarta na cikin littafin wanda ba a gayyato kotun ba.