Waiwaye: yadda aka koyi killace tururin nukiliya

Ranar 2 ga Disamba, 1942, masanin kimiyya Enrico Fermi da abokan aikinsa suka kunna tukunyar nukiliya ta farko, wato na'urar da ke fasa yuraniyom don samar da zafi, a ƙarƙashin filin wasan Jami'ar Chicago, cikin gari, ba wani shingen tare tururi. Ƙarfinta ko ƙwan fitila ba zai haska ba, shi ya sa aka wanye lafiya.

Da tukwanen suka girma, sai aka fara maganar kariya, amma masu riƙe da kuɗi ɓarna suke ganinta. A Windscale da ke Ingila, masanin kimiyya John Cockcroft ya nace sai an ɗora matatai a bakin dogayen bututun hayaƙi, aka yi ta yi masa ba'a. A Oktoban 1957 gobara ta tashi a tukunyar, matatan nan da aka raina su suka tare kaso mai yawa na gubar.

Sannu a hankali aka tsaya kan shinge huɗu. Ana gasa yuraniyom ya zama ƙwayoyi masu tauri kamar tangaran, a jera su cikin sandunan ƙarfen zakoniyom, a rufe sandunan cikin tukunyar ƙarfe, sannan a kife duka da ginin kankare mai rodi, wanda kaurinsa kan wuce mita guda.

Wannan na ƙarshen shi ya fitar da Amurka kunya a tashar nukiliyar Three Mile Island a Maris 1979: kusan rabin cikin tukunyar ya narke, ginin bai tsage ba. Tashar Chernobyl da ke Yukiren kuwa ba ta da irinsa. Da ta fashe ranar 26 ga Afrilu, 1986, iska ta kwashi burbushin har Suwidin.

Kada dai a ɗauka kankare ya gama magana. A tashar Fukushima da ke Japan akwai shingayen a 2011, amma igiyar ruwa ta kashe janaretocin da ke tura ruwan sanyaya tukwane. Zafi ya ci ƙarfe daga ciki, iskar haidurojin ta tarwatsa saman gine-ginen. Tun daga nan hankali ya karkata ga tsarin da zai sanyaya kansa ko babu wuta.

Ita Chernobyl sai a 2016 aka tura mata ƙatuwar rumfar ƙarfe, wadda aka tsara ta yi shekara 100. A Fabrairun 2025, cikin yaƙin Yukiren, jirgi maras matuƙi ya huda rufinta.