Waiwaye: Yadda ruwa ya dawo famfunan Phnom Penh

A 1993, lokacin da aka naɗa Ek Sonn Chan shugaban hukumar ruwa ta Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, kashi 72 cikin ɗari na ruwan da ake tacewa ba ya kawo wa hukumar ko sisi. Wani ya tsiyaye a ruɓaɓɓun bututu, wani an ja shi ta ɓarauniyar hanya. Famfo kan kawo ruwa kamar awa goma a rana, shi ma a unguwannin da bututu ya kai, waɗanda ba su wuce rubu'in birnin ba.

Lalacewar tana da asali. Tun 1895 Faransawa suka kafa gidan ruwan. A 1975 'yan Khmer Rouge, 'yan kwaminisancin da suka ƙwace mulkin ƙasar, suka kwashe mutanen birnin kaf zuwa ƙauyuka, kuma kafin a fatattake su a 1979 injiniyoyi da dama sun mutu, taswirar bututu ta salwanta. Waɗanda suka gaji aikin ba su ma san ta ina bututun ya bi a ƙarƙashin ƙasa ba. Ga albashi bai taka kara ya karya ba, sai ma'aikata da kansu ke ja wa mutane ruwa a ɓoye, su karɓi na goro.

Daga cikin gida sabon shugaban ya fara. Ya kawar da manyan da suka saba cin wannan ganima, ya ɗora matasa masu ilimin aikin, ya sa ƙarin albashi ya bi ƙwazo. Aka bi gida-gida ana rubuta masu shan ruwa, ana kafa mita. Sai aka zo kan masu gari: hafsoshin soja da ma'aikatun gwamnati da ba su taɓa biyan kuɗin ruwa ba. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin wani babban soja da ya ɗora masa bindiga a ka saboda maganar mita. An yanke ruwan gidan duk da haka. A ganina nan ne aikin ya tsaya da ƙafafunsa, don talaka ba zai biya da daɗin rai ba yana kallon janar na sha kyauta.

Kuɗin waje sun taimaka, ba musu. Japan ta tsara taswirar aikin, Faransa da Bankin Duniya da Bankin Raya Asiya suka zuba kuɗi aka sauya bututu. Amma birane nawa suka ci irin wannan bashi famfunansu na nan a bushe? A 1996 gwamnati ta sakar wa hukumar mara ta riƙa juya kuɗinta, aka ƙara farashi a 1997 da 2001. Marasa ƙarfi aka yi musu rangwamen kuɗin jan ruwa, ko su biya kaɗan-kaɗan, wanda ya raba su da tsadar 'yan ga-ruwa.

Cikin shekara goma sha biyar asarar ruwa ta sauko zuwa wajen kashi 6, famfo na zuba dare da rana. Ek Sonn Chan ya karɓi lambar Ramon Magsaysay, wata babbar lambar yabo ta nahiyar Asiya, a 2006, ya bar kujerar a 2012, shekarar da hukumar ta zama kamfanin farko da aka sayar da hannun jarinsa a kasuwar hannun jarin ƙasar. Birnin dai ya ci gaba da faɗaɗa fiye da ƙarfin matatunsa: a ranin 2019 unguwannin gefen gari sun sha fama da ƙarancin ruwa, sai a 2023 aka buɗe kashin farko na sabuwar matatar Bakheng.